Tukwanen Gungun Marina

Na sauka a tashar Yelwa ta Yauri ƙafafuna a kumbure, wuyana ya ƙage, ga buhunan kayan aiki da suka sha zagi tun daga Kwantagora saboda sun tsone wa fasinja ido. Ni mutumin Gumel ne. Ruwa mafi girma da na sani a rayuwata shi ne kududdufin bayan gari, shi ma kafin a gama girbi ya ƙafe. Amma ga ni an turo ni bakin tafkin Kainji, wai in tono fasassun tukwane.

Karatun tarihin da ke binne a ƙasa nake yi a jami'a. Malamina ya samu labarin cewa a shekarar tafkin ya ja baya fiye da yadda ya saba, har wani tudu da ruwa ya haɗiye tun zamanin da aka datse kogin ya fito fili, tsingaro a kansa birjik. Aikina shi ne in haƙa rami guda, in kwashe tsingaron hawa-hawa ba tare da na cakuɗa na sama da na ƙasa ba, in rarraba shi iri-iri. In Allah ya sa na tarar da gawayi a can ƙasa, a kai ɗakin gwaji a faɗa mana shekarunsa. Sunan tudun kawai aka ba ni, Gungun Marina, gungu kuwa shi ne tsibiri a bakin mutanen yankin.

Ban gama sauke kaya ba wani siririn mutum mai jar hula ya ɗauke mini buhu ɗaya, ya aza a kafaɗa kamar mun taso tare. Sunansa Bala, ɗan kamasho ne a tashar.

"Malam, mi kaka nema garinmu?"

Na gaya masa. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya yi wata 'yar dariya. "Tukwane? Ai ka zo gida. Wanga gungu awa tahin hannuna ni san shi."

Baƙo makaho ne ko da idonsa. Washegari Bala ya ɗora ni a kan babur, muka yi arewa, alhali tafkin yana kudu, ni kuwa ban sani ba. Duk inda muka tsaya shi ke yin odar abinci, ni ke wanke hannu in biya. Can wajen Shanga ya ajiye ni bayan wata unguwar maginan tukwane, ya nuna mini wani juji. Tsingaro kam akwai shi, tuli guda. Na ɗauki na farko na ga sauran shuɗin fenti a bakinsa. Na ce masa wannan ai bai girmi ƙanwata ba. Ya ce in jira shi ya nemo mai jirgin da zai kai mu na ainihin. Ya tafi da babur ɗin da takalman ruwana, ni kuwa na zauna a kan juji har inuwa ta juya. Wani manomin shinkafa ne ya tausaya mini, ya ba ni fura a ƙwarya, ya raka ni bakin titi, ya ce in nemi Wara, can ne masu jirage suke. Ko sunana bai tambaya ba.

A Wara na fara ganin tafkin, kuma wallahi gabana ya faɗi. Ba a hango ɗaya gaɓar. Ruwan ba ya gudu, ba ya ƙara, yana kwance ne kawai, ga ƙwarangwal ɗin itatuwan da ya kashe tun tuni suna tsaye a cikinsa baƙi ƙirin. Na je na gaida mai gari, na yi bayanina, ya haɗa ni da wani dattijo mai kwalekwale, Baba Ango. Gajere ne, farin gemu, hannuwansa duk kanta. Da na ambaci Gungun Marina sai ya daina ɗinkin komar da ke cinyarsa.

"Can anka haihe ni," in ji shi. "Ina ƙarami anka kwashe mu."

Ya ajiye komar gefe. Sannan ya ce zai kai ni, zai kuma ba ni masauki a tungarsu, wani ɗan ƙauyen masunta, amma da sharaɗi guda. A gabashin tudun akwai jerin duwatsu. Daga nan zuwa ruwa maƙabartar garinsu ce, kuma mahaifiyarsa tana ciki, ta rasu daf da tashinsu. Tun da ruwa ya rufe wurin bai sake taka shi ba sai bana.

"Haƙi yamma yadda kaka so, ɗana. Amma kak ka ƙetare duwatsun ga. Ka jiya?"

Na ce na ji, na kuma rantse masa. Ban ɗauki abin da wani nauyi ba, domin ni kushewa ba ta cikin aikina.

Kullum da hantsi muke shiga kwalekwale, ni da shi da lebura biyu da na ɗauka. Nakan ƙanƙame gefen jirgin da hannu bibbiyu ina karanto duk addu'ar da na iya, leburorin suna ta dariya, suna cewa Bagumale ya ga abin da ya fi rijiya. Tudun da kansa ba shi da kyan gani. Laka ce ta bushe ta tsattsage, sai ɓawon katantanwa da ƙashin kifi, ko ciyawa babu. A makaranta da rani aka koya mana haƙa, nan kuwa sai da damina ta kama tudun ya fito, kuma kafin ta ƙare ruwa zai juyo ya karɓi abinsa. Baba ya kafa gora a bakin ruwa ta yamma, ya ce duk ranar da ruwa ya taɓa gindinta, to mu fara haramar tafiya.

Na ja igiya, na yanka ramina. Aikin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Hawan sama duk tukwanen jiya-jiya ne, irin na zamanin iyayen Baba, an gangara musu totuwar masara a wuya tun suna ɗanye. Wannan zanen shi ne agogonmu, don duk tukunyar da ke ɗauke da shi an gina ta ne bayan masara ta shigo ƙasar nan. Da na nutsa kamar zurfin gwiwa sai totuwar ta ɓace. Aka shiga masu zanen murɗaɗɗiyar igiya, masu kaurin baki, ja-ja. Ƙasa da su kuma wasu baƙaƙe masu santsi, an tsattsaga su da tsinke. Kowane hawa da ledarsa. Da yamma in baje su a tabarma a tsakar gidan Baba, baki da baki, gindi da gindi, in raba na randa da na tulu da na kasko. Yumɓun yankin yana da wani ƙyalli-ƙyalli a cikinsa, in aka wanke tsingaro aka ɗaga shi a rana sai ya riƙa walƙiya. Ba kome ba ne, wani ɓarɓashin dutse ne da ko akuya ba za a ba ka a kansa ba.

Matar Baba, Inna Kulu, ta lura kifi yana ba ni wahala. Kullum sai ƙaya ta maƙale mini, in yi ta kaki kamar tsohon rago. Wata rana na buɗe kwano na tarar da tuwon gero da miyar kuka, har da daddawa. Na kai loma ɗaya sai ga tsakar gidanmu a idona, da mahaifiyata tana fifita wuta. Na sunkuyar da kai na ce yaji ne ya shige mini hanci. Inna Kulu ta ce, "Ci abinka, ɗan mutane. Kowa da Innatai." Mahaifiyar tawa kuwa, duk ranar da na hau wani tudu da ake samun sabis ɗin waya na kira ta, ƙarya nake shirga mata cewa ruwan yana can nesa, ko hango shi ba na yi.

Ranar wata kasuwar Wara na shiga sayen leda, da wani tsingaro a aljihu da nake son in gwada wa wata mai sayar da tukwane. Ina fito da shi sai na ji an ce, "A'a, Malam! Ashe ka gane hanya?" Bala ne, da takalman ruwana a ƙafarsa, ko kunya babu. Kafin in buɗe baki ya zare tsingaron daga hannuna, ya ɗaga shi a rana. Na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"Wanga hwa?"

Na ce fasasshiyar tukunya ce. Ya ce to, ya jefa a aljihunsa, ya shige cikin mutane. Na tsaya ina zaginsa a zuci, ban san abin da ya tafi da shi ya fi takalma ba.

Ƙasar nan ƙasar zinari ce. Daga Yauri har Ngaski akwai dazukan da aka rarake kamar gidan gara, kuma akwai dubban samari da ba su da sana'a sai bin jita-jitar inda ya fashe. Ba a jima ba, wata safiya muka iso muka tarar da kwalekwale guda a arewacin tudun, mutum uku a ciki. Muka yi sallama, suka amsa ciki-ciki. Ba su sauko ba, ba su tafi ba, kallonmu kawai suke yi har muka tashi. Washegari jiragen suka ƙaru. Kafin mako ya zagayo an kafa bukkokin leda, ana dafa abinci, ga diga da shebur an jingine. Babu wanda ya sari ƙasa ko sau ɗaya. In na tankaɗe ƙasa a rariya sai in ji idanu a bayana. In na ɗaure leda na rubuta lamba a jiki, sai in ji ana ƙus-ƙus.

Baba ya daina zama a inuwar jirgi. Ya koma kan jerin duwatsun nan ya zauna da carbinsa, yana fuskantar bukkokin.

Leburorina ma suka canza. Suka daina tsokanata a jirgi. Wata safiya muna sauka suka ɗauki shebur ɗinsu suka nufi arewa, ko waiwaye babu. Da na kira babban, sai ya ce, "Malam, kai kana da albashi."

Raina ya ɓaci. Na ɗebi tsingaro cike da hula, na taka har bukkokin. Bala yana kishingiɗe a tsakiya, kusa da wani ƙato mai tabo a goshi da suke kira Oga. Na zube musu a gaba, na ce su daka, su wanke, in sun ga ko ƙwayar zinari su yanka ni. Aka kawo turmin ƙarfe aka daka, Oga da kansa ya zuba garin a kwano ya shiga ruwa yana juyawa. Ƙyallin duk ya taso ya bi ruwa, gindin kwano fayau. Na ce to kun gani.

Oga ya ɗauraye hannunsa a natse. "Mun ga wanda ka kawo muna."

"Duk iri ɗaya ne! Ku zo ku duba ramin."

"Malam," in ji Bala, "banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutum da hankalinai shi baro Gumel, shi shiga ruwan da yaka tsoro, don tsingaro? Ko yaro ba shi yarda." Aka yi dariya. Sai ya nuna gabas da leɓe. "In babu kome, mi tsoho yaka tsaro can?"

Na ce maƙabarta ce. Oga ya yi murmushi, ya ce duk dajin da suka taɓa samun arziki, sai da wani tsoho ya ce musu maƙabarta ce. Na dawo bakin ramina. Ba ni da abin da zan nuna musu wanda zai gamsar da su, domin duk abin da na faɗa ƙara musu tabbaci yake yi. Na gaya wa Baba yadda muka yi. Ya tashi ya je ya duba gorarsa. Ruwa ya riga ya jiƙa gindinta.

Ranar Juma'a ya ce mu ƙetara Wara, mu yi salla, mu kai kuka wurin mai gari. Na ce ko ni in zauna in yi gadi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai da wa?" Ya ƙara da cewa ko ɓarawo yana jin nauyin Juma'a. Mai gari ya saurare mu da kyau, ransa ya ɓaci, ya ce gobe da sassafe zai tura mutane su tashe su. Muka fito da ɗan sauƙi a zuciya. Baba ya ce mu biya ta gungun kafin mu wuce gida, ko don ya gan shi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska tana kaɗa ruwan yana marin jirgi. Muna tsakiyar tafki sai ga kwalekwale yana tahowa daga wajen tudun, cike da mutane da kaya. Baba ya yi sallama. Babu wanda ya amsa, kowa ya kawar da kai. Wani jirgin ya biyo, shi ma haka. A na bayan na hango leburana babba ya rufe fuska da hula, Bala kuma ya duƙa yana kwarfar ruwan da babu shi. Baba ya daina tuƙi na ɗan lokaci. Sannan ya kama tuƙi da wani irin ƙarfi da ban san yana da shi ba.

Ba kowa a tudun. Bukkokin sun tashi, sai toka da gwangwanaye. Ramina sun bi ta kansa, sun rushe bangon, hawa-hawan da na yi makonni ina bi sun cakuɗe sun zama tsibi guda. Ban ko tsaya ba, don na riga na hango gabas. An ture duwatsun. Bayansu ramuka ne a jere, da tulin baƙar ƙasa, da manyan ɓarin tukwane a warwatse.

Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza ya san tukwanen nan. Randa ce ake rabawa biyu a kifa a kan ɗan kabari, a lilliƙe da laka kafin a tura ƙasa. Su kuwa da digarsu ta ci karo da tukunya a kife, sai suka ɗauka dukiyar da ake ba da labari ce. Suka yi ta zarowa suna fasawa, wannan rami na gasa da wancan, har sai da wani ya leƙa ya ga abin da ke ƙarƙashi. Ban leƙa sosai ba. Abin da na gani ya ishe ni.

Baba ya tsaya a tsakiyar wurin yana ta innalillahi. Ni kuwa kuka ne ya ƙwace mini, na takaici, na yi ta tsine wa Bala da babbar murya har Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce ba lokaci. Ruwa yana tafe, sama ma tana tafe, kuma ba zai bar mutanensa a buɗe ba.

Muka tattara ɓarin wuri ɗaya. Nan dai aikina ya yi rana. Na zauna a ƙasa ina haɗa su, kauri da kauri, launi da launi, karaya da karaya, har rabin randa ya tashi. In na haɗa, in duba wane rami ne ya bar gurbin da ya yi daidai da ita, Baba ya kwaɓa laka. Hannuna yana aiki, idona yana kan hadarin, wanda ya riga ya cinye rabin sama.

Ina cikin haka na ji ya durƙusa kusa da ni.

"Ɗana," ya ce a hankali, "ina ƙarami ƙwarai ran da anka kawo ta. Kawuna ya riƙe mani hannu. Abin da ni ka tunawa, randar ɗakinmu anka hwasa. Wurin ya ɓace mani." Ya tura mini ɓarin da ke gabansa. "Kai da ka iya karatun tukunya, duba mani. Wacce ta Inna?"

Na duba. Allah ya sani na duba da gaske, ɗaya bayan ɗaya, na juya baki, na shafa wuya. Yumɓu ɗaya ne, gashi ɗaya, totuwar masara ɗaya a wuyan kowacce. Da a tabarmata ne, leda guda zan zuba su duka in rubuta lamba guda. Zan iya gaya masa cewa waɗannan sun zo bayan masu zanen igiya da ɗaruruwan shekaru, in kuma rantse a kai. Abin da ya tambaya kuwa ba a koya mini ba. Na ga yadda yake kallon bakina, na san duk wadda na nuna zai karɓa, zai kuma yi mini addu'a har ya mutu. Yatsana har ya fara motsi.

"Baba," na ce, "ban sani ba. Duk zamaninsu ɗaya. Wallahi ba zan iya rabewa ba."

Ya daɗe yana kallon ramukan. Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannuna. Sai ya share fuska da gefen rigarsa, ya miƙe, ya ɗebo laka da hannu biyu.

"To miƙo mani," in ji shi. "Mu ruhe su duka."

Na miƙa masa rabin randar farko. Ya sauka cikin ramin, ya kifa ta a hankali, ya bi gefe-gefe yana liƙewa da yatsa yadda ko tururuwa ba za ta shiga ba. Sannan ya dafa bayan tukunyar, ya sunkuya.

"Inna, ki yi haƙuri. Ni na, ɗanki Ango."

Muka tura ƙasa, muka matsa rami na gaba. Ruwan sama ya kece, tafkin ya yi duhu. Na miƙa masa ta biyu, ya kifa, ya liƙe, ya dafa ta, ya sake faɗar maganar nan kalma da kalma. Haka ya yi ta faɗa a kan kowane kabari, manya da ƙanana, har muka kai na ƙarshe a bakin ruwa.